Baƙon Abuja: Abin da Zai Gani, Abin da Zai Ci, da Abin da Zai Kiyaye

Tun daga ranar 12 ga watan Disamba, 1991, da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja, da wuya a sami babban ɗan kasuwa a Kano, Katsina ko Sakkwato da wata buƙata ba ta taɓa kai shi Babban Birnin Tarayya ba, ko dai rajistar kamfani a Maitama, ko bin sawun kuɗin kwangila, ko neman biza, ko baje kolin da ake yi a kan hanyar filin jirgin sama. Sai dai akasarinsu tsakanin otal da ofis suke ƙare kwanakinsu, su koma gida suna cewa Abuja gari ne mai tsada wanda babu abin gani a cikinsa. A ganinmu rabin maganar ne kawai gaskiya.

Batun tsaro shi ya kamata a fara da shi, domin a nan ne asara take. Babbar barazanar da ke fuskantar baƙo ita ce ta masu motar da ake kira "wan-cans". Mota ce kamar ta haya, da fasinjoji biyu ko uku a ciki, wani lokaci har da mace don a kwantar wa mutum da hankali, alhali dukansu bakinsu ɗaya. Da an yi nisa sai su ƙwace waya da katin banki, su tilasta wa mutum faɗin lambar sirri, su kwashe abin da ke asusunsa, sannan su jefar da shi a gefen hanya, sau da yawa motar na tafe. Ɗan kasuwar da ya haɗa asusun kamfani da na kansa a waya guda yana iya rasa jarin shekara a cikin rabin sa'a. Saboda haka kada baƙo ya tsayar da mota a bakin titi, musamman bayan magariba. Ya shiga a tasha, ko ya kira ta manhajar waya ya duba lambarta kafin ya buɗe ƙofa, ko ya sa masaukinsa su kira masa direban da suka sani. Ya kuma bar babban asusunsa a wayar da ba ta fita ɗaki. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

A tuna kuma tun shekarar 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, unguwannin kuwa suna da nisa da juna, filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe ma kusan kilomita 40 ne daga gari. Mai zuwa daga Kaduna yana da jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, wanda ya fara aiki a 2016, aka dakatar da shi bayan harin 28 ga Maris, 2022, ya dawo a watan Disambar wannan shekarar. Mai canjin kuɗi a Wuse Zone 4 ya shiga ofis ya ƙirga a zaune, kada ya yi ciniki ta tagar mota.

Game da abinci, wanda ya tsaya ga ɗakin cin abincin otal shi ya so tsada. Kilishin Area 1 a Garki ya yi sunan da har matafiya ƙasashen waje suke yin tsaraba da shi, kuma 'yan'uwanmu ne ke riƙe da sana'ar. Akwai gasasshen kifi a kasuwar barikin Mogadishu, akwai masa da tuwo a kewayen kasuwar Wuse. Ƙa'idar dai ɗaya ce a ko'ina: a ci inda jama'a suka yi yawa kuma ake dafawa a gaban ido, a tambayi farashi kafin a zauna.

Wuraren gani kuwa, bayan Masallacin Ƙasa da aka gina a 1984, da Dutsen Aso, da tafkin Jabi, da lambun Millennium da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, abin da ya fi cancantar lokacin Bahaushe yana wajen gari. Sunan Abuja kansa aro ne. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, sai tsohon garin ya bar wa ƙasa sunansa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A can Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta yi aikin tukwanen da ya kai ta Turai da Amurka, kuma a kan hanyar zuwa can ne mutum zai wuce Dutsen Zuma na jikin naira 100. Abin mamaki, muna ƙirga waɗannan takardu kullum, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa a wurin. A Ushafa ma, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, mata na gina tukwane. A fita da hantsi a dawo kafin la'asar sakaliya, don hanyoyin bayan gari ba na dare ba ne.

'Yan kasuwarmu masu kai ƙwallon kashu Biyetnam sun ga yadda biranen Hanoi da Ho Chi Minh suka mai da abincin bakin titi da tsofaffin unguwanni hanyar samun kuɗin shiga, har ƙasar ta karɓi baƙi kimanin miliyan 18 a 2019. Can ma ana fizgen waya a kan babur, amma baƙo yana iya tafiya da ƙafa daga masauki zuwa kasuwa, yana kashe kuɗi a duk inda ya tsaya. Abuja kuwa an tsara ta ne domin mai mota, masu ƙananan sana'o'i kuma kullum a guje suke daga jami'an tsaftar muhalli. Idan Hukumar Babban Birnin Tarayya tana son kuɗin baƙo ya wuce aljihun otal-otal, to, ta ware wa masu abinci wurare masu haske da ruwa da lasisi mai sauƙi, ta wajabta wa kowace motar haya lamba da rajistar direba da fasinja zai iya tantancewa, ta kuma gyara fitilun kan titi da gadojin masu tafiya a ƙasa, waɗanda da dama cikinsu duhu ke rufewa da an yi sallar isha'i. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna su ma za su iya buga wa mambobinsu jerin masaukai da direbobin da aka amince da su, aikin da ba zai ci kuɗin kwana biyu a babban otal ba.