Kowane Fushi Da Sunansa

Wanda ya kai tufa marinar Ƙofar Mata ya ce a rina masa, sai an tambaye shi wane iri, gama shuɗi daban, baƙi daban, marini kuwa ya san tsomi nawa ke tsakaninsu. To, yaran da ke wucewa ta bakin karofin nan zuwa makaranta, in aka ce su rubuta halin zuciya, magana guda ke gare su, watau “ya yi fushi.” Waɗansu manya masu rubutu a kotu ma ba su fi su ƙwarai ba.

Alhali Hausa ba ta talauce haka ba. Mutum ya kan hasala, ya kan ƙufula in an dame shi, ya kan harzuƙa har idonsa ya rufe. Wanda ya ƙullaci wani kuwa, ko murya ba ya ɗagawa.

Kada a ce wannan gwanintar baki ce kurum. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, ta ware a sashe na 222 mutumin da aka tsokana tsokana mai tsanani farat ɗaya har ya kasa riƙe kansa ya yi kisa, ba ta haɗa shi da mai hukuncin kisa ba. Magatakardan da shaida ya ce masa “harzuƙa” ko “ƙullata” ya rubuta “fushi,” lalle ya yi wasa da wuyan mutum.

Ƙamus na Bargery na 1934 ya tara kalmomi, amma ƙamus ba ya nuna mutum yana tafasa. Sai littafi. A duba Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East. Abubakar na son Zainab, Malam Shaihu mai dukiya ya aure ta. Abin da ya sami Abubakar ran nan suna guda gare shi. Abin da ya fid da shi daga gida neman asirin ramuwa, har sharrin ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, wannan wani suna ne dabam. Haka kuma uwar Shaihu Umar, a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba baƙin ciki kaɗai ya ƙetare da ita hamada neman ɗanta ba, bege ne.

Muna roƙon malamai su riƙa karanta waɗannan a aji da murya. In an kai inda zuciyar Abubakar ta juya, a rufe littafi, a ce kowane yaro ya faɗi sunan abin da ke damunsa, ya kuma kawo dalili.