Kafin 'Ya'yanmu Su Nemi Gurbin Karatun Likitanci

A gidajen malamai da dama akwai ɗa ko 'ya mai burin zama likita. Mu da muka riƙe hannunsu suka koyi rubuta baƙaƙe, hakki ne a kanmu mu faɗa musu gaskiyar hanyar tun kafin a sayi fom ɗin JAMB.

Ƙofar tana da ƙunci. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Shi ya sa jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri suke mayar da masu maki mai kyau gida duk shekara. Ana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO: Ingilishi, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, wasu jami'o'in ma sai an same su a zama ɗaya. A JAMB kuwa, Ingilishi ne da darussan kimiyyar nan uku, sannan jami'a ta yi tata tantancewar.

Ya ku ɗalibai, ba a kiwon akuya ranar kasuwa. Ku fara bitar tambayoyin shekarun baya tun yanzu, ku saba da amsa su a kwamfuta. Ku guji masu sayar da amsa, domin wanda ya shiga da sata, jarrabawar sanin sassan jikin ɗan Adam za ta tona asirinsa. Wanda bai dace ba a karon farko, akwai hanyar IJMB mai kaiwa aji biyu kai tsaye.

Mu kuma iyaye, mu yi lissafi. Karatun shekara 6 ne idan yajin aiki bai tsawaita shi ba, sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sai ta bautar ƙasa. Albashin malamin firamare ba zai ɗauki wannan nauyi farat ɗaya ba. Mu soma tanadi ta adashe da ƙungiyar gama kai ta reshenmu, mu nemi tallafin karatu na jiha. Kada mu miƙa gumin goshinmu ga mai cewa yana da hanya.

Kada kuma mu tilasta wa yaro burin da namu ne. Aikin jinya da ungozoma da haɗa magunguna duk ceton rai ne. Amma idan 'ya ce ta nuna hazaƙa, mu tsaya mata tsayin daka, domin ɗakunan haihuwarmu suna jiran ta.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.