Aminin da JAMB ba ta raba ku ba

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, ajin da ya yi shekara shida tare a sakandare sai ya watse. Wannan ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, wancan ya nufi ABU Zariya, wata an ɗaura mata aure, wani kuma ya shiga Kantin Kwari koyon kasuwanci. Rukunin WhatsApp ɗin da aka buɗe ranar bankwana yakan yi wata biyu yana tashe, daga nan sai shiru.

Amma ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da ba sa sakinka. Nawa aminin bai samu shiga jami'a ba, gyaran waya yake yi. A shekarar da kuɗin rajista ya gagari gidanmu, shi ya cika mini, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen ba.

Abin da ke damuna, wasu ɗalibai da sun shiga aji biyu sai su fara ganin irin waɗannan aminai ba sa'anninsu ba ne. Turanci ya ƙaru, gaisuwa ta ragu. Alhali abokin lacca sau da yawa ranar yaye ɗalibai kuke rabuwa, wanda ya san ka tun kana raba masa garin kwaki kuwa samun irinsa sai an tona.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma zumunci a ƙafa yake. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a hutun nan kada ku tsaya ga saƙon waya. Ku taka har inda aminin yake, ku gaishe da iyayensa, ku buɗe baki ku ce masa kun gode.