Wida Ba Garin Dodanni Ba Ne

Duk shekara mutanenmu na tururuwa zuwa Kwatano sayen mota da atamfa, su kwana a Zango, su ci tuwo, su juyo. Amma ka ce da ɗayansu ya ƙara tafiyar kilomita 40 yamma zuwa Wida, sai ya kama a'uziyya: "Garin matsafa!" Ka tambaye shi inda ya samo labarin, ba zai wuce finafinan Kudu da hirar tasha ba. Jama'a, wannan jahilci ne, ko da an naɗa masa rawani.

Babu mai musun cewa Wida cibiyar addinin Vodun ce. A watan Janairu akan yi hutu a duk faɗin Jamhuriyar Benin saboda bikinsa. A tsakiyar gari akwai ɗakin bautar da ake kiwon mesa, yana fuskantar babbar majami'ar Katolika, ga kuma masallatai ana kiran salla. Mutanen garin sun daɗe da koyon zama da juna. Mu da ke da 'yan bori a unguwanninmu, har wasunmu na lallaɓawa wurinsu da dare, da wane bakin za mu yi wa wani gori?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tarihin da muke wa kallon hadarin kaji. Daga dandalin Chacha zuwa bakin teku akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen ruwa. A ƙarshenta aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓar teku zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil har da Hausawa, kuma su ne suka kitsa boren bayi na 1807 a can. Jikokin bayi na tsallako teku su zo su yi kuka a wurin. Mu da ke maƙwabtaka, ko fatiha ba mu kai musu ba.

Wani zai ce, "To abincin fa? In yankan tsafi ne?" Tambaya ce mai kyau, kuma baki aka ba ka don ka yi ta. Ga kifi ɗanye daga teku, ga amiwo, tuwon masarar da ake tuƙawa da tumatir, ga atasi, wato shinkafa da wake, ga wagashi, cukun Fulanin arewacin ƙasar. Giyarsu ta sodabi kuwa, ka ce ba ka sha, ba mai ɗura maka.

Sharaɗi ɗaya ne: in ka je, ka je da ladabi. Kada ka zama irin baƙin da ke cusa waya a fuskar mai ibada don neman mabiya a TikTok. Kallon addinin wani ba ya warware imani, in dai imanin ya kafu. Wanda ke tsoron mesa ta sace masa tauhidi, ya fara binciken kansa tun daga gida.