Wa Ya Ce Katun Wasan Yara Ne?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu, watau wai duk wanda aka gani yana kallon zane mai motsi, wanda muke kira katun, bai gama yarinta ba. Masu wannan magana kuwa su ne za ka tarar sun raba dare a kan fim ɗin Indiya, suna share hawaye don an raba jaruma da masoyinta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Lalle suna da ɗan uzuri. Abin da yayyenmu suka sani na zanen Japan bai wuce Voltron ba, wanda NTA ta riƙa nunawa, inda zakuna biyar na ƙarfe ke haɗuwa su zama ƙato guda. Amma wanda ya ga kunnen giwa kaɗai ba ya cewa ya san giwa.

Ku ɗauki Maison Ikkoku, labarin da wata mata, Rumiko Takahashi, ta zana daga 1980 zuwa 1987 a wata mujalla ta manya, sa'an nan aka mai da shi fim na talabijin mai kashi 96 tsakanin 1986 da 1988. Godai saurayi ne matalauci da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a, yana zaune a wani tsohon gidan haya tare da maƙwabta mashaya masu hana shi karatu. Sai aka kawo sabuwar mai kula da gidan, Kyoko, yarinya da mijinta ya rasu ba su daɗe da aure ba, wadda har karenta sunan marigayin take kiransa da shi. Mai kallo zai yi dariya har cikinsa ya ƙulle, amma shekara da shekaru labarin bai gaggauta wa matar nan ba. Sai da Godai ya gama karatu, ya sami aikin renon yara, ya kuma yarda cewa ba zai kori mamaci daga zuciyarta ba, kana ta amince. Sharaɗinta ɗaya ne: ya riga ya san ta binne miji sau ɗaya, don haka kada ya riga ta mutuwa. Wannan ne wasan yara?

Wani zai ce, me ya haɗa Tokyo da mu? Mu da muka fito daga Wurno da Rabah da Goronyo mun san amsa. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga sun kashe gomman mutane a Tabanni ta ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Mazan da suka tafi kasuwa ba su komo ba sun bar mata, wasunsu ba su girmi Kyoko ba. Sun yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan fa? Ko dai a tura ta gidan duk wanda ya fara sallama don a rage baki a tukunya, ko a bar ta da marayu da ƙoƙon bara. Wa ya taɓa tambayarta ko zuciyarta ta huce?

Nan ne finafinanmu suka gaza. Mun raba dariya da kuka kamar ba 'yan uwa ba ne: barkwanci a bar wa irin su marigayi Rabilu Musa Ibro, soyayya kuwa a bar wa saurayi da budurwa su yi ta rawa a lambu. Bazawara in ta fito, ko muguwar kishiya ce ko abar tausayi. Alhali ko a zaman makoki akan sami tsohuwar da za ta sa a murmusa.

Masu cewa akwai giya da baƙin al'adu a zanen Japan sun yi gaskiya. To, finafinan Indiya da muka runguma fa, babu gumaka a cikinsu? Mai hankali yana cin dabino ya yar da ƙwallo.

Saboda haka kirana ga ƙungiyar wasan kwaikwayo da masu zane a cikinmu shi ne, ku koma ga waɗannan tsofaffin finafinai da idon ɗalibi, ku ga yadda ake saƙa raha da baƙin ciki a zane guda. Sa'an nan ku zana mana bazawarar bakin gulbin Rima, tana kuka, tana dariya, tana zaɓen miji da kanta. In ba mu ba da labarinta ba, Japanawa ba za su zo su ba mu ba.

Allah ya sa mu gane.