Kasuwar da ke jiran jijiya ta fashe

Jini in ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, ido ba ya ganinsa, sai sikana. Ita ke rarrabe jijiyar da ta fashe da wadda ta toshe, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: asfirin da ke taimakon mai toshewa, ƙara wa mai zubar jini yake yi. To ina sikanar take? Manyan birane. Mutumin ƙauye sai ya saida sa, ya yi shatar mota zuwa Maraɗi ko Yamai. Masu hali kuwa su nufi Tunusiya ko Indiya, dillalai na biye.

Abin da ke ba ni haushi, wannan kasuwa sai ɓarna ta afku take ci. Babban sanadin fashewar jijiya hawan jini ne, awonsa minti biyu. Wa ke tallarsa? Wa ke tallar kaske ga ƴaƴanmu masu tuƙa moto zuwa lakkwal?

Malamai, in yaro ya bugu a kai ya miƙe yana magana, kada ku ce ya tsira. Da ya fara amai ko barci mai nauyi, a kai shi likita, kada a jira a tashi aji.