Tartibin Karatun Littattafan Star Wars

Ma'abota littattafan da aka gina a kan finafinan Star Wars sun daɗe suna saɓani game da tartibin karatunsu, ko a bi zamanin ƙissa ko shekarar wallafa. Ni dai na rinjayar da na biyun, domin wanda ya soma da Heir to the Empire na Timothy Zahn, na 1991, zai sadu da Thrawn a asalinsa, kwamandan da ke nazarin zane-zanen abokan gaba don ya fahimci dabarun yaƙinsu. Ko da yake kamfanin Lucasfilm ya cire littafin daga ingantaccen matani a 2014, har yau shi nake fara miƙa wa mai neman shiga wannan fanni.